Masta Tahidu, Wanda Bai Taɓa Cewa Babu Ba

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Tamale ba, amma Tamale ta yi shugaban tashar jirgi, kuma ni na san shi. Sunansa Tahidu, muna ce masa Masta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a unguwar Sabonjida, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsince shi ba. Rabi daga bakinsa na ji, domin ba ya gajiya da ba da labarin kansa. Rabin kuma daga bakin matarsa Hasanatu, wadda takan gyara labarin da zarar ya tashi ya tafi masallaci.

Yana saurayi ya gangara Kumasi neman na kansa, ya sami aikin dako a tashar jirgi. Duk zaman da ya yi can bai taɓa sayar da tikiti ba, bai taɓa hura usur ba, akwatunan mutane kawai yake ɗauka a ka. Sai dai yana da ido. Ya ga yadda shugaban tasha yake tsayawa da hannu a baya, ya ga yadda yake duban hanya yana gyaɗa kai kamar shi ne ya ba jirgi izinin zuwa. Wata rana kuma ya ji Baturen tashar ya tara ma'aikata yana ce musu kada wanda ya kuskura ya ɓata wa fasinja rai. Maganar nan ta shige shi. Da ma ubansa maigida ne a zango, mai saukar da fataken goro, kuma tun yana ƙarami an koya masa cewa ba a duban idon baƙo a ce masa babu. Sai ya ɗauki koyarwar ubansa da ta Bature ya dama su wuri ɗaya. Kowace ita kaɗai ba ta da laifi, haɗin ne ya ɓata su.

Da aka fara raɗe-raɗin za a ja layin dogo zuwa arewa, har wasu masu awo suka zo suka kakkafa turaku a bayan gari, sai Tahidu ya tattara ya dawo gida, don kada jirgi ya iso ya tarar babu mai tarbarsa. Ya zo da tsohuwar hular ma'aikatan jirgi da usur da ya saya da guminsa. Masu awo suka koma inda suka fito, gara ta cinye turakun, shi kuwa ya kafa rumfa a bakin tashar mota ya ce kafin jirgin ya zo bari ya taimaka wa masu motoci. Su kuma suka ga mutum mai son a yi masa tambaya, alhali su babu abin da suka ƙi jini kamar tambaya, sai suka sakar masa fasinjoji gaba ɗaya.

In za a faɗi gaskiya, rumfar ta yi kyau. Akwai benci, akwai randa da moɗa, kullum a share. Duk baƙon da ya sauka Tamale nan yake fara zuwa, ko mai neman gidan ɗan'uwa a unguwar Tishigu, ko mai neman ofishin Bature, ko mai neman wurin kwana, ko wanda ya karye yana neman mai ɗori. Kafin ka buɗe baki an miƙo maka ruwa, an tambayi hanya, an tambayi mutanen gida, har waɗanda suka rasu sai an yi musu addu'a. In ka yi sa'a ya san wurin da kake nema, to, ka huta, da kansa zai raka ka. In bai sani ba kuwa, ba zai taɓa wulaƙanta ka da cewa bai sani ba. Zai miƙa hannu ya nuna maka wata hanya da ƙarfin zuciya. Wani bawan Allah daga Salaga ya taɓa yini yana zagaye gari saboda irin wannan karamci. Duk sanda ya dawo rumfar a gajiye sai a ba shi ruwa, a ba shi haƙuri, a nuna masa wata kusurwa. Bai sami ɗan'uwan nasa ba, amma ya ga gari sosai.

Batun mota kuwa, amsar Masta ba ta canjawa. In motar tana hanya sai ya ce, "Tana nan tafe." In ta lalace a daji an cire mata ƙafafu sai ya ce, "Tana nan tafe." In ma ba a ƙera ta ba tukuna, tana nan tafe. Mu 'yan gari mun san wannan gaisuwa ce kawai. Mukan amsa masa da ladabi, sannan mu zagaya wurin mai facin taya mu ji gaskiya. Baƙo ne kawai yake ɗaukar maganar da nauyinta.

A shekarun yaƙin Bama, da damina, ana saura kaɗan a shiga azumi, wata mata ta iso rumfar da ƙunshin kaya a ka. Sunanta Azeta, 'yar Dagomba ce daga wani ƙauye ta wajen Savelugu, Hausarta ta kasuwa ce. Mijinta Usumanu ya shiga soja ba tare da ya shawarce ta ba, ya bar ta da gonar doya da tsohuwar uwarsa. Ranar da zai tafi ranta ya ɓaci, ta tsaya a ƙofar gida a gaban mutane ta ce masa in ya tafi kada ya dawo. Bai juyo ba. To, sai ga wani ɗan ƙauyensu da aka sallamo daga soja saboda ciwon ƙirji, ya zo da labarin cewa kafin a ga watan azumi za a kwashe su Usumanu daga barikin Kumasi a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, daga nan su haye ruwa zuwa wurin yaƙi. Tsofaffin gidan suka zaunar da ita suka ce mata magana irin wadda ta yi ba a janye ta da saƙo. Bakin da ya faɗe ta shi zai je ya janye ta a gaban mai ita. Abin da ya fito da ita ke nan. Tana so ta tarar da mijinta kafin a tafi da shi, ta ce masa ya je ya dawo lafiya.

A makon nan kuwa wani sajan ya riga ya zo rumfar ya gaya wa Masta cewa an karɓi duk motocin da ke wannan ƙetaren babban kogin da ke hanyar Kumasi don aikin soja, kuma babu wadda za ta ɗauki fasinja sai an gama kwasar sojoji. Masta ya ƙame ya sara masa. Bayan Hasanatu, bai gaya wa kowa ba.

Azeta ta sha ruwa, ta amsa gaisuwa har ƙarshenta, ta zayyana masa duk abin da ya kawo ta, sannan ta ce, "Baba, lori na Kumasi ya tafi ko bai tafi ba?"

Masta ya dubi hanya, ya gyaɗa kai. "Tana nan tafe, 'yata."

"Yau zai zo?"

"Ki kwantar da hankalinki. Kin zo hannun da ya dace."

Da yamma ta yi motar ba ta zo ba, sai ya ɗauki ƙunshinta da kansa ya kai ta gidansa. Ya ce wa Hasanatu baƙuwarsa ce, a gyara mata ɗaki. An kuwa gyara. Da safe koko da ƙosai, da rana wake da shinkafa, da yamma tuwo mai zafi da miyar ayoyo. Hasanatu ta ce mini tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya sayo nama a jere kamar na kwanakin nan ba. Kullum da sassafe Azeta takan ɗaura kayanta ta bi shi tasha, ta zauna a bakin benci tana kallon hanyar kudu. Duk ƙarar da ta ji sai ta miƙe. Shi kuma sai ya ce mata ta zauna, ai in ta zo ita ce ta farko da za ta hau.

Mai karatu zai ce ina sauran mutanen tashar, ba su da baki ne? Suna da shi, har ya yi yawa. Amma a zango baƙo na maigidansa ne. In mutum ya sauka a gidanka, ba wanda zai tsallake ka ya ba shi shawara, domin yin haka daidai yake da cewa ba ka iya riƙon baƙo ba. Saboda haka mai facin taya ya yi ta facinsa, masu sayar da abinci suka yi ta yi mata sannu. Kowa ya ji tausayinta, kowa kuma ya kama bakinsa.

Mutum ɗaya ne ya kusa ɓata tsarin, wani mai koren shanu da ake kira Ɗankande. Mutum ne da ya daɗe a daji da dabbobi, ladabin gari ya ɗan kuɓuce masa. Ya tsaya shan ruwa a rumfar zai gangara da shanu kudu, ya ji abin da ake ciki, sai ya ce mata kai tsaye ta biyo su. Akwai mata a ayarin. Za su bi ta Salaga su kai Yeji, in aka haye kogi a jirgin fito, can ƙetaren motocin kifi da doya suna zuwa Kumasi ba fashi.

Azeta ta dubi Masta. "Baba, in bi shanu?"

Masta ya yi dariya irin ta wanda aka kawo wa maganar yara. "Baƙuwata, a ƙasa, bayan shanu, cikin wannan ruwan sama? Me za a ce da ni a garin nan? Kina can kina fama da taɓo mota ta zo ta wuce ki."

"To zai zo ke nan."

"In Allah ya yarda."

Ɗankande ya ɗaga kafaɗa, ya saɓa sandarsa ya bi shanunsa. Har yau in na tuna yadda mutumin nan ya laɓe bayan sunan Allah don kada bakinsa ya furta kalma ɗaya, raina yakan ɓaci.

Ranar Hasanatu ba ta iya haƙuri ba. Da ya dawo cin abincin rana ta bi shi ɗaki ta saki labule.

"Maigida, ka gaya wa yarinyar nan gaskiya. Shanun ba su yi nisa ba, za ta cim musu."

"In gaya mata me?"

"Abin da sajan ya gaya maka."

"Ki ga matar da ta baro garinsu da kuka, ta zo rumfata, in dube ta in ƙara mata wani kukan? Ni ba haka aka koya mini aiki ba. Kuma wa ya san gobe? Soja ma sukan canja magana."

"In ba su canja ba fa?"

"Ke dai ki ƙara mata nama."

Hasanatu ta ƙara mata nama. Ta ce mini ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce wa Azeta ita da ita ce da ta bi shanu, ta ce tafiyar ƙasa ba ta kashe kowa ba. Amma Azeta ta ga hula, ta ga usur, ta ga mutumin da kowa yake ce wa Masta, don haka maganar matar gida ba ta yi nauyi a kunnenta ba. Hasanatu kuwa ba za ta iya buɗe baki ta ƙaryata mijinta a gaban baƙuwarsa ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Azeta ta daina cin naman, ta rame a gidan da aka fi ciyar da ita a duniya.

Ana nan sai wata safiya aka ji ƙarar mota ta gaske daga kudu. Tasha ta ruɗe. Masta ya gyara hula, ya hura usur, ya tsaya tsakiyar hanya yana yi wa motar nuni da inda za ta tsaya, wato inda ta saba tsayawa shekara da shekaru. Direban, wani Fuseini ɗan Tishigu, ya sauko yana miƙa. Shi ne ya ba ni wannan ɓangaren da bakinsa bayan shekaru. Ya ce Masta ya ja shi bayan motar ya tambaye shi ko an sako motoci ke nan.

"An sako mu, Masta. Aiki ya ƙare. An kwashe sojojin kaf, da idona na ga jirginsu ya tashi. Barikin nan yanzu sai masu gadi."

Masta ya juya. Ya leƙa ta gefen motar. Azeta tana tsaye da ƙunshinta a ka, fuskarta a sake, rabon da a ga haƙoranta tun ranar da ta zo.

"Akwai wata baƙuwata," in ji Masta. "Mijinta yana cikinsu. Za ka kai ta Kumasi."

"Ta je ta yi me? Ka gaya mata mana, ta koma gida."

"Baƙuwarka ce ko tawa?"

"Taka ce, Masta."

"To, ka sa ta a gaba, kusa da kai. Kada ka bari a matse ta."

Kujerar gaba a zamanin nan ta manya ce, 'yan kasuwa masu ƙiba da akawuna. Wani attajiri ya riga ya ɗora ƙafa zai hau, Masta ya ba shi haƙuri ya sauko da shi. Ya share kujerar da hannun rigarsa. Ya aika gida aka kawo ƙunshin abincin hanya. Ya ɗora kayanta da kansa ya ɗaure. Duk wanda ya ga hidimar nan zai rantse ba a taɓa yi wa fasinja irinta a ƙasar arewa ba, kuma ba zai yi kaffara ba.

Azeta ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ka yi mini abin da ubana bai yi ba. Allah ya biya ka. Zan gaya ma Usumanu sunanka."

"Ba komai, 'yata. Aikinmu ne. Ki gaishe shi."

Fuseini ya ce tafiyar nan ita ce mafi tsawo da ya taɓa yi. A Salaga ya yi niyyar buɗe baki, sai ya ga tana gyara ɗankwali tana murmushi ita kaɗai. A bakin kogi suna jiran jirgin fito ya sake yin niyya, sai ta fara maimaita masa kalmomin da za ta gaya wa mijinta, tana tambayarsa ko sun yi daɗi. Ya ce a ransa, wanda ya sauke ta bai gaya mata ba, shi wane ne? A Yeji suka ji labarin Ɗankande ya daɗe da hayewa, har matan ayarinsa sun shiga Kumasi tun sojoji suna bariki. A ƙofar barikin ne wani mai gadi, mutum marar tarbiyya wanda bai ba ta ruwa ba, bai tambayi mutanen gida ba, ya gaya mata komai a numfashi ɗaya. Shi kaɗai ne a duk tafiyar nan ya yi mata abin da take bukata, sai dai ya zo a makare.

Ana tsakiyar azumi Fuseini ya dawo da ita. Wannan karon a baya ta zauna, cikin buhuna. Hasanatu ta kawo wa mijinta saƙo tasha, don haka a gabanta aka yi. Masta ya taso da fara'arsa yana yi mata sannu da hanya. Azeta ta sauko daga cikin buhunan. Ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da mace irinta ba ta yi wa dattijo.

"Baba, ka sani?"

Hasanatu ta ce ta ga leɓensa yana motsi, ta yi zaton yau dai za a ji. Sai ya gyara murya.

"'Yata, ai da farin ciki kika tafi. Kowa ya gani. Da na gaya miki, da kuka za ki koma gida. Ko ba komai kin sami kwanakin nan ranki fari."

Kuma wallahi ya yarda da abin da ya faɗa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi game da Masta Tahidu. Ba mugu ba ne, ban taɓa ganin ya zagi ko da akuya ba. Har ya tsufa, in ana hirar aiki, yakan kawo labarin Azeta a matsayin ranar da ya fi iya riƙon fasinja.

Ya ce mata ta zauna ta huta, motar Savelugu tana nan tafe. Azeta ta ɗauki ƙunshinta ta aza a ka. Da azumi a bakinta, rana tsaka, ta kama hanyar arewa a ƙasa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa sallama ba. Masta ya bi ta da kallo, sannan ya juyo ya ce wa mutane gajiya ce, hanyar Kumasi ba ta da daɗi.

Da yaƙi ya ƙare motoci suka riƙa sauke sojoji a gaban rumfarsa, shi kuma yana tarbarsu da usur. Usumanu ba ya cikinsu. Abokansa sun ce harsashi ne ya same shi a wani daji can ƙetaren teku, sun kuma je ƙauyen sun faɗa. Hasanatu ta riƙa tambayar matan Savelugu masu kawo man kaɗanya kasuwa labarin Azeta. Sun ce ba ta sake aure ba, ita ta riƙe uwar mijin har tsohuwar ta rasu. Malamai sun yi mata nasiha, sojojin sun rantse mata da abin da suka gani. Har ta koma ga Allah ba ta yarda harsashi ne ya kashe shi ba, ta ce bakinta ne.